Ranar Mai Aski

Ni na fara gani, kafin kowa a gidan hayar nan. Yanzu kowa ka tambaya sai ya ce ai shi ma ya lura, to ƙarya yake yi. Ranar da Mai Aski ya tare a ɗakin da ke jikin nawa, matan gida suna bakin famfo suna cewa ga wani ya zo da ɗansa, matar tana tafe a baya. Ni kuwa ina kan bencina a ƙofar gida, kallo ɗaya na yi wa kayan da aka sauke: katifa, tukunya, jakar kayan aski, sai takalmin mace da aka ƙulle a leda aka naɗe da igiya. Na ce a raina, takalmin da mai shi ke tafe ba a ƙulle shi haka. Kuma wannan mai ƙwal-kwabon da suke ce wa yaro, yarinya ce. Ban yi boko ba, amma wanda mota ta kife da shi ya fito da ƙafarsa, wanda ya kwanta asibiti aka fitar da gawar na damansa da na hagunsa shi ya tashi ya nemi abinci, ba sai an koya masa karatun mutane ba. Bango ɗaya ya raba ni da Mai Aski, bangon kuwa ba ya riƙe magana. Abin da bangon bai gaya mini ba, shi ya gaya mini da bakinsa, kaina yana hannunsa. To a saurara.

Matarsa ta rasu ne ba da jimawa ba bayan ta yaye yarinyar. Ciwo ne na 'yan makonni, ya ci abin da suka tara, sannan ya ci ta. Ya bar ɗaki biyun da suke ciki ya dawo ɗaki ɗaya. Yarinyar sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, Mamana yake ce mata, har mu ma muka ɗauka. Ya koyi yi mata wanka ba tare da sabulu ya shiga ido ba. Ya koyi wankin ƙananan kaya, ya shanya su can ƙarshen igiya inda ba za su tsone wa matan gida ido ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi, kitso. Gashin ya cukurkuɗe, da ta ga mataji sai ta sa kuka har ta shiɗe. Rannan ya dube ta, ya dubi jakarsa, ya yi abin da hannunsa ya sani. Ya zaunar da ita kan kujera 'yar tsugunno, ya ɗaura mata ƙyalle a wuya, ya kunna inji. Ko motsi ba ta yi ba. Tun daga nan duk sanda gashi ya fara tohowa sai ta jawo kujerar da kanta, in ya gama ta miƙa masa wuya ta ce, "Baba, hoda."

Kujerar da yake aiki a kai ba tasa ba ce. Shagon na wani ne da suke ce wa Maigida, wanda ake raba abin da aka samu da shi kullum. Can yake tafiya da Mamana, ya zaunar da ita a ƙarshen bencin jira, ƙarƙashin talabijin, da kofinta da 'yar tsanarta. Ido ɗaya a ƙeyar mutum, ido ɗaya a madubi yana neman ta. Masu jira su yi ta tsokanarta, "Kai yaro, zo mu gwada wa ya fi wani sanƙo." Ita kuma ta murguɗa baki ta ce ita ba yaro ba ce. Rannan yana tsaka da gyara wa wani gefen gemu, ta sulale ta jawo aljihun tebur ta ɗauko reza. Yankan ba wani babba ba ne, a ɗan yatsa ne, amma jini ya ɗiga a farin tayil, shi kuma garin zabura ya zaftare wa mutumin rabin saje.

Maigida ya jira har ƙafa ta ɗauke.

"Ni ba mugu ba ne," in ji shi, "ka sani."

"Na sani, Maigida."

"Nan shagon aski ne. Reza, almakashi, wayar wuta ko'ina. Yau yatsa ne, gobe ido. Ka nemi inda za ka ajiye ta, ko ka bar mini kujera, akwai masu nema."

"A ba ni 'yan kwanaki."

"Ka yi aure mana ka huta."

Mai Aski ya yi murmushi ya ɗauki tsintsiya. Kowa haka yake ce masa, sai ka ce aure wani abu ne da ake shiga kanti a sayo a dawo da canji.

Labarin yatsa ya kai kunnen surukarsa, ban san wa ya kai ba. Tsohuwa ce da ke zaune can wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Ba masifaffiya ba ce, shi ya sa ma maganarta take da nauyi. Ta kira shi a waya.

"Na bar maka ita ne don ka ce za ka iya," ta ce. "Ban yi maka gardama ba, na ga halin da kake ciki. Amma ita kaɗai 'yata ta bar mini. Ƙarshen wata ina tafe. In na tarar tana da hannun da ke riƙe ta in ka fita, in sa muku albarka in koma. In babu, da ita zan koma."

"To, Inna."

Ya san in ta tafi, ta tafi. Mai aski ba shi da hutun da zai riƙa sintiri a hanya, yaro kuma da wanda yake gani kullum yake sabawa.

Ya fara da gidan rainon da ke bakin titi, mai zanen giwa a bango. Matar da ke kan tebur ta faɗi kuɗin wata, ya ji kamar hayar shekara ta faɗa. Ya yi godiya ya fita. Ya samu wani mai sauƙi a bayan kasuwa, ɗaki ɗaya mai zarnin fitsari, yara kwance kamar an zuba su. Ya ce ko wannan ne a yi. Sai matar ta ce da la'asar suke tashi, kuma ba sa buɗewa Asabar da Lahadi.

"Baiwar Allah, ai da la'asar nake fara aiki. Da safe wa ke aski? Asabar da Lahadi kuwa su ne cin abincina."

"To mu ma muna da gida," ta ce.

Wani da yake yi wa aski ya ce ya je ofishin tallafi, ana taimaka wa masu rainon marayu. Ya tafi da Mamana a kafaɗa, ya shiga layi, shi kaɗai namiji cikin mata masu goyo. Da aka zo kansa ma'aikaciyar ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ina uwar yaron?"

"Yarinya ce. Uwar ta rasu."

Sannan ta ɗago. "Allah ya ji ƙanta. Sai dai tallafin nan na mata ne, waɗanda mazansu suka mutu ko suka gudu."

"Ni matata ce ta mutu."

"Na ji. Amma kai ba mace ba ne."

"Ranki ya daɗe, a ɗakinmu ni ne macen."

Layin ya kwashe da dariya, har ita ma'aikaciyar. Ta ce ya bar lambarsa, in an fito da na maza za a kira shi. Ya bari. Har yau ba a fito da na mazan ba.

Ashe abin da yake nema yana tsakar gidanmu. Matan gidan duk masu fita nema ne, da mai shara a asibiti, da mai sayar da kayan miya, da mai ɗinki a shagon wani. Ba mai kuɗin gidan raino a cikinsu, shi ya sa suka yi wa kansu tsari na karɓa-karɓa. Kowace rana mace ɗaya ta zauna gida, a tara mata yaran kowa tun safe har a dawo, gobe wata ta karɓa. Ba a biyan ko sisi, ranarki ita ce kuɗinki. Wadda ke riƙe da tsarin ita ce Uwar Biyu, doguwar mace mai muryar da ke kashe faɗa daga nesa.

Mai Aski ya daɗe yana kallonsu ta bayan labule kafin ya yi ta maza. Ya same ta tana wanke-wanke, ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Mu ba ma karɓar kuɗi," ta ce.

"Ni ma ba ni da shi, Yaya."

"Wanda ya sa ɗa, sai ya ɗauki rana. Wa zai ɗaukar maka?"

"Ni."

Matar Direba tana gefe tana shafa wa 'yarta mai a ka, yarinya mai gashi har gadon baya, wanda gidan kaf an san uwar tana ji da shi. Ta tuntsire da dariya. "Namiji da yara? Ai kafin azahar ya sayar da rabi ya huta."

"Wannan da kike gani ni nake mata komai," ya ce, ya nuna Mamana.

"Mun gani ai. Ga kan nan shaida."

Uwar Biyu ta dubi Mamana, wadda ta maƙale a ƙafar ubanta tana leƙen yaran da ke wasa. Ta ɗauraye hannu. "Wace rana ce ba ka da kasuwa?"

"Litinin. Kowa ya yi askinsa tun Lahadi."

"To Litinin taka ce. Gobe ka kawo ta da kofinta."

Kwanakin da suka biyo baya ya yi aiki kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya dubi madubi bai nemi kowa a ciki ba sai wanda yake yi wa aski. In ya dawo sai ya tarar da ita a tabarmar wata, hannu duk danƙo, ta koyo waƙar da bai sani ba. Ya kira surukarsa ya ce, "An samu, Inna." Ta ce madalla, za ta zo dai ta gani.

Tun ranar Lahadi da yamma ya share ɗaki, ya jingine katifa, ya kwashe duk abin da ke da kaifi ya ɗora saman kwaba. Ya aro tabarmata, ya sayo biskit. Da safe matan suka riƙa miƙo yara kowa da jawabinta: wannan ba ya shan ruwan sanyi, wancan in ya yi shiru to ɓarna yake yi. Matar Direba ta kawo tata da gashi a tsefe, ta ce da yamma za ta kai ta kitso, kada ya bari ta yi birgima a ƙasa. Gida ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan yara suka gane babu mace a gidan.

Kafin rana ta take biskit ya ƙare. Tagwayen Uwar Biyu sun cika baho sun zuba takalman mutane a ciki, wani ya ciji wani, ƙaramin cikin yaran yana kuka yana neman uwarsa. Ya yi tsawa suka yi dariya, ya yi lallashi suka hau kansa. Gumi ya jiƙa masa riga. Yana cikin rabon faɗa ya ga ɗaya daga cikin tagwayen yana susar kai da hannu bibbiyu. Mai aski kuwa ba ya ganin haka ya wuce. Ya buɗa gashin da yatsa, sai ga kwarkwata tana tafiyarta. Ya jawo ɗan'uwan, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda babu ita akwai ƙwanta, don tabarma ɗaya suke barcin rana, kai jikin kai.

Nan ne ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa, tunda wannan aikinsa ne. Ya fito da kujera 'yar tsugunno tsakar gida, ya sauko da jaka, ya karkaɗe ƙyalle. Mamana ta riga kowa hawa, ta miƙe zaune don a ga yadda ake yi. Da injin ya fara ƙara, gidan ya yi shiru kamar ruwa ya cinye yaran. Suka yi layi da kansu. Mai cizon nan ya zauna kamar wani dattijo, hannu bisa gwiwa. Duk wanda aka gama wa sai a kaɗe masa wuya, a nuna masa ƙeyarsa a ƙaramin madubi, ya sauka yana shafa kai yana washe baki.

Da maza suka ƙare sai yara matan suka matso, suka ce su ma irin na Mamana suke so. Ya aske su. Ta ƙarshe ita ce 'yar Matar Direba. Ya riƙe gashin a hannu, ga nauyi ga laushi, ga kuma ƙwai jere a gindinsa. Ya ɗan tsaya. Wani abu ya ce masa ya bari uwar ta dawo. Amma ya san in ya bar kai ɗaya, mako mai zuwa duk sun sake kwasa. Ya tuna kuma tun da ya shigo gidan nan karɓa kawai yake yi, aron guga, aron gishiri, yanzu ga rainon 'ya, bai taɓa ba matan nan komai ba. Yau ga abin da ake biyan kuɗi a kai a shago, zai yi musu kyauta. Shi a wurinsa gashi abu ne da yake sharewa kullum ya zuba a kwandon shara, bai kuma san abin da ya kai shi saurin dawowa ba. Yarinyar ta waigo ta ce, "Baba, ni ba za a yi mini ba?" Ya sa almakashi.

Ni lokacin na tafi karɓo maganin ƙafata. Da ina nan da ba a yi ba, don ni na san mata.

Ya wanke musu kai da ruwan ɗumi da sabulu, ya share gashin ya ƙona a bayan gida, ya shanya tabarma a rana. Suka ci abinci, suka ɓingire da barci a ɗakinsa. Ya zauna bakin ƙofa yana jin numfashinsu. Tun rasuwar matarsa ɗakinsa bai cika haka ba, ransa kuma bai yi fari haka ba. Har ya shirya abin da zai ce in an zo yi masa godiya: ba komai, ai 'ya'yana ne.

Matar Direba ce ta fara dawowa, tana sauri kada mai kitso ta tashi. Ta ratsa ta cikin yaran tana kiran 'yarta. Yarinyar ta rungume mata ƙafa, ta janye ta a hankali ta ce, "Matsa, yaro," ta ci gaba da kira. Sai yarinyar ta ce, "Mama, ga ni." Matar ta sunkuya. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗora tafin hannu a kan, ta shafa gaba ta shafa baya, kamar mai neman inda aka ɓoye gashin. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa da kayanta na fita.

Sauran suka riƙa shigowa, kowa ta tsaya inda ƙafarta ta tsaya. Uwar Biyu ta ajiye kwandonta.

"Mai Aski, mene ne wannan?"

"Gyara na yi musu, Yaya. Ba sai an biya ba."

"Biya," in ji Matar Direba, murya ƙasa-ƙasa. "Tun tana zanen goyo nake rainon gashin nan. Da man da ban shafa wa kaina ba."

"Zai fito, wallahi. Ya ma fi na da."

"To maido mini shi yanzu."

Da a nan ya yi shiru ya ba da haƙuri, wataƙila da an samu bakin zaren. Amma a shago in ka ga abu a kan mutum gaya masa kake yi gaban kowa, ga kora, ga amosani, ba mai jin haushi. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kwarkwata ce fa. Duk sun kwasa. A kan tagwaye ta fi yawa, ina jin daga nan ta faro."

Mazan gida sun fara dawowa daga aiki, suna tsaye a bakin ƙofa. Uwar Biyu ta dube su, ta dubi 'ya'yanta, ta yi kicin-kicin da fuska.

"Yara muka ba ka," ta ce, "ba kawuna muka ba ka ba. Kuma ƙazantar ɗakina ba kai za ka yi shelarta ba. Kowa ta ɗauki nata."

Kowa ta ɗauki nata. Aka bar shi tsakar gida daga shi sai Mamana. Ya bi ɗaki-ɗaki yana ba da haƙuri, ana amsa masa ta bayan labule.

Washegari Mamana ta ɗauki kofinta da kanta ta nufi ɗakin mai ranar. Ƙofa a rufe, tana jin muryar yaran a ciki. Ta buga da kofin, ta jira, ta sake bugawa. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya buɗe. Yana tsaye a bakin ƙofarsa yana kallo.

Bai koma shago ba. Ya rataya jaka, ya ɗora ta a wuya, ya shiga gari yana kaɗa almakashi yadda masu askin yawo ke yi. Ya yi wa leburori a bakin gini, ya yi wa masu gadi, ya yi wa wani tsoho a barandar gidansa. Abin da yake samu a wuni bai kai na yamma ɗaya a shago ba, cajin inji kuma da rana tsaka yake ƙarewa. In zai yi aiki sai ya zaunar da ita a inuwar bango, ya ɗaura mata igiyar jaka a hannu don kada ta bi titi. Ta daina tambayar yaran gida, ta rage magana. Rana tana dukan kan da babu gashi, hular da ya saya mata ta yar a hanya. Ana nan sai rannan ya ji wuyansa ya yi zafi inda cinyoyinta suke. Ya sauke ta, jikinta kamar garwashi.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Kowane gado akwai mai kawo abinci, akwai mai canjin mai jinya. Shi ko bayan gida zai zaga sai ya roƙi matar gadon kusa ta sa masa ido. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi wa zai karɓe shi ya je ya yi wanka, ya ce babu. Da yarinyar ta samu barci ya fita baranda ya ciro waya. Wata bai ƙare ba tukuna.

"Inna, ki zo."

"Ba ka ce an samu ba?"

"An samu. Ni na ɓata."

Ta ce, "Gobe, in Allah ya yarda."

Ta zo da 'yar jakarta, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta zauna da su har aka sallame su. A ɗaki ta ɗora jikarta a cinya ta shafa kan.

"Wa ke mata wannan?"

"Ni ne, Inna. Ban iya kitso ba."

"To. A bar shi ya fito."

Ta dubi kayan yarinyar a wanke a ninke, ta dubi tukunya a kife, ta dubi surukin nata da ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. "Ka yi ƙoƙari, ɗan nan. Ba zan ce ba ka yi ba."

"In ta isa shiga makaranta zan zo in ɗauke ta."

"Allah ya kai mu."

Ya san abin da irin wannan amsa take nufi, bai ja ba. Kayan Mamana duka jaka ɗaya suka cika. Yana sakawa yana bayani, maganin nan bayan abinci ne, ba ta son a rufe mata ƙafa. "In za ta yi barci kunne take riƙewa, Inna. Sai ki ba ta naki."

"Uwarta ma haka take," in ji tsohuwar.

Da za su fita Uwar Biyu ta fito ta sa wa kakar wata 'yar riga a hannu, ta yi musu fatan sauka lafiya, ba ta dubi inda yake ba.

A tasha ya nemar musu gefen taga. Mamana tana ta murnar shiga mota, ta matsa ta buga kujera da hannu. "Baba, shigo."

"Bari in sayo miki ruwa."

Ya sayo ruwan kuwa. Ya tsaya bayan rumfar mai shayi da shi a hannu, inda yake ganin motar, Mamana kuwa ba ta ganinsa, har aka rufe ƙofa, har ta fita daga tasha ta hau titi.

Daga nan shago ya wuce. Maigida ya dube shi, ya dubi kafaɗarsa babu kowa, ya ce, "Ka ga yanzu ka huta. Ɗauki ƙyallenka." Yanzu shi ke buɗe shago, shi ke rufewa. Gashin yaran gida ya fito, matan sun koma amsa gaisuwarsa, Litinin wata ta ɗauka. Yana kira a waya, wani lokacin yarinyar ta yi magana, wani lokacin a ce ta fita wasa.

Sai dai har yau hannunsa bai koyi awon mutum ɗaya ba. Kullum in ya dafa shinkafa sai ta yi yawa, kuma sai ta yi luguf, irin wadda ake dafa wa mai ƙananan haƙora. Ragowar ni yake miƙo wa, tunda ni nawa haƙoran sun riga ni tafiya.

Ina jin wasu a gidan nan suna cewa wai gajiya ya yi, ya miƙa ta ga kakarta don ya samu sararin yin aure. Masu faɗa ba su ɗauki yaro a wuya sun zaga gari da shi ba. Duk wanda yake ganin ƙarya na yi, ko ƙari na yi, ya zo da yamma lokacin da ake miƙo kwanon, ya zauna kusa da ni ya sa hannu ya ɗanɗana, ya gaya mini ko wannan girkin wanda ya gaji da 'yarsa ne. Sannan ya dubi tsabar idona ya maimaita maganarsa, in ya isa.